Mu daina ɗora wa tsutsa laifin sukari

Ranar wata Asabar, a bakin tashar mota, na tsaya ina kallon wani mutum yana yi wa talakawa sata da rana tsaka, jama'a kuma sun kewaye shi suna ta salati. Ya shimfiɗa buhu, ya jera kwalabe, ya jingina hotunan ruɓaɓɓun bakuna a jikin tayar wata tsohuwar mota, lasifikarsa tana ta kira: mai ciwon haƙori ya matso, yau tsutsa za ta fito. Wani dattijo ya matso, kuncinsa na dama ya kumbura har idon ya ƙanƙance. Aka zaunar da shi a benci, aka tsoma auduga a wani baƙin ruwa aka cusa masa a baki, aka ce ya danne. Can aka ba shi ruwa ya kuskure ya tofar a farin kwano. Mai magani ya sa tsinke ya tono wasu 'yan fararen abubuwa guda uku, ya ɗaga kwanon sama yana zagayawa da shi.

"Kun gani da idonku? Uwa da 'ya'yanta biyu! Baba, shekara nawa suna cin ka?"

Dattijo bai iya buɗe baki ba, sai ya ɗaga yatsu biyu. Ya laluba aljihu ya biya, har da godiya, ya tafi da kumburinsa yadda ya zo da shi.

Babu tsutsa a cikin haƙorin ɗan Adam. Ba a taɓa samu ba, ba kuma za a samu ba. Abin da ake nuna wa mutane a kwano, ko dai tun farko an ɓoye shi a cikin audugar, ko kuma 'ya'yan wasu tsirrai ne da kan fashe idan sun ji zafi su fitar da wani farin zare mai kama da tsutsa. Sauƙin da mutum yake ji na ɗan lokaci kuwa, kanumfari ma yana ba da shi, domin akwai wani mai a cikinsa da ke kashe raɗaɗi, wanda su kansu likitocin haƙori suna amfani da shi. Raɗaɗi ya lafa, rami yana nan, ruɓa tana ci gaba. Amma ban zo nan don in zagi mai lasifika shi kaɗai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaryarsa tana samun kasuwa ne saboda ta yi mana daɗi: idan tsutsa ce, to ba ruwan kowa, daga Allah ne, ba a tuhumar uwa, ba a tuhumar uba, ba a tuhumar gwamnati.

Ga abin da ke cin haƙori. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune cikin wannan farin dattin mai yauƙi da kake iya kankarowa da farce idan ka tashi da safe. Abincinsu sukari. Da zarar ka sha abu mai zaƙi, sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuma ya shiga narkar da ɓawon haƙori, wanda duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri. Yawu yana zuwa ya wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma yana bukatar lokaci, kamar rabin awa ko fiye. Idan kafin ya gama ka sake jefa alawa, an koma gidan jiya. Shi ya sa yaron da ke tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa magariba ya fi shiga haɗari a kan wanda ya ci zaƙinsa sau ɗaya tare da abinci. A haka ɓawo yake hujewa, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Wata da watanni ramin yana girma ba tare da ciwo ba. Ranar da ka fara jin tsami idan ka sha ruwan sanyi, ya wuce ɓawo. Ranar da ya hana ka barci, ya kai ga jijiya.

Abin da ya sa raina ya ɓaci a bakin tasha shi ne, kwana kaɗan kafin ranar na dawo daga asibiti da 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara tara, da auduga a bakinta. Tun bara take cewa turminta na ƙasa yana mata tsami. Uwarta ta leƙa ta ga baƙin ɗigo ta ce, "Ai na yarinta ne, Yaya, zai faɗi wani ya fito." Ni ma da karatuna na gyaɗa kai. Da ya fara ciwo aka je kemis, aka ba da kafso da maganin raɗaɗi. Ya lafa, ya dawo, aka koma kemis. Sai da kunci ya tashi, zazzaɓi ya rufe ta, sannan muka nemi asibiti. Likitar ta haska fitila ta duba, ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ake yi wa babban da ya yi abin yara. Ta ce wannan turmi na dindindin ne. Yana fitowa wajen shekara shida, can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba, shi ya sa iyaye suke ɗauka na famfara ne. Ta ce da mun zo lokacin da aka ga ɗigon nan, ciko ne na 'yan mintuna. Yanzu ruɓa ta cinye shi, babu abin da za a riƙe. Aka cire. A hanya yarinyar ta ja rigata ta ce, cikin auduga, "Kawu, yaushe sabon zai fito?" Na rasa bakin amsa mata. Haƙoran yarinta ashirin ne, na girma talatin da biyu, babu zubi na uku. Tana da shekara tara mun riga mun ci mata ɗaya, mu manyan gidan.

Mu ne muka ci mata, domin mu muke sayo sukarin. Dubi teburin mai shayi, ka ƙirga cokali nawa yake zubawa kafin ya ɗora madarar gwangwani mai zaƙi a kai. Dubi koko, dubi kunun zaƙi, dubi zoɓo da kunun aya na gora, dubi fura da nono da kakanninmu suke damawa su sha haka nan, yau sai an zuba mata sukari har ta koma alawa. Dubi ƙofar kowace makarantar firamare da islamiyya: tire ne na alawa, biskit, cingam da lemon leda, kuma kuɗin tara da muke ba yaro can yake ƙarewa. Baƙo ya zo, mutuncinsa lemon kwalba. Yaro ya yi kuka, a toshe masa baki da alawa. Jariri ya ƙi barci, a haɗa masa shayi mai sukari a fida a bar masa a baki har gari ya waye, alhali da dare yawu yake raguwa, babu mai wanke tsamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau ya tsaya a rabin haka. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali tara. Wa zai zauna ya ɗura wa ɗansa cokali tara na sukari a baki? Amma idan an narkar da shi an sa masa kala, sai mu kira shi gata.

Na san abin da wani zai ce: mu ai masu asuwaki ne, tun kafin Bature ya san buroshi. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da yin asuwaki matuƙa, kuma masana sun tabbatar da cewa icen arak yana fitar da datti sosai idan an iya amfani da shi. To, an iya ɗin? Abin da nake gani shi ne magidanci ya saƙale ice a gefen baki yana yawo da shi kamar sigari, ya goge haƙoran gaba guda shida da ake gani idan ya yi dariya, turame na can ciki ko oho. Bayan haƙora ta wajen harshe ba a taɓa kai masa ziyara ba. Sannan kakanmu da ya mutu da haƙoransa cif yana da shekara tamanin, tuwon dawa yake ci da miyar kuka, sukari sai da salla. Kai kana cin abincin zamani kana so kariyar zamanin da ta ishe ka. Riƙe asuwakinka, ka sami ladanka, amma ka haɗa da makilin mai sinadarin fuloraid, domin shi ne yake ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfin jure tsami, kuma ice ba zai ba ka shi yadda ake bukata ba.

Masu dirzar haƙori da gawayi, toka, yashi ko kanwa don ya yi fari, ku ma ku ji. Kuna kankare ɓawon ne, kuma ba ya tohowa. Idan ya siranta, abin da ke ƙarƙashinsa launin ɗorawa ne, sai haƙorin ya ƙara rinewa, ga tsami a kan ruwan sanyi. A wasu yankuna irin su Kaltungo da Langtang, ruwan sha ne yake da fuloraid fiye da kima, shi yake bar wa yara tabo mai ruwan ƙasa a haƙori tun yana tsirowa. Wannan tabo a cikin haƙorin yake, ko za a shekara ana dirza ba zai fita ba. Goro yana rina haƙori. Taba kuwa, ta sha ce ko ta gari da ake cusawa a leɓe, tana kashe dasashi, tana kuma jawo kansar baki.

Dasashi ma mun mayar da shi maraya. Mutum ya yi buroshi ya tofar ya ga jini, sai ya ce buroshin ne ya yi kaifi, ya daina taɓa wurin. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Jinin yana gaya maka datti ya taru a gindin haƙori har wurin ya kumbura, kuma maganinsa a ƙara wanke wurin a hankali, kullum. Idan aka bar dattin, sai ya daskare ya zama kamar dutse, wanda babu buroshi ko asuwakin da zai ɗaga shi sai an je wankin haƙori a asibiti. Idan aka ƙi, cutar ta gangara ta cinye ƙashin da ke riƙe da saiwa, dasashi ya ja baya, baki ya yi wari, haƙori lafiyayye marar rami ya fara girgiɗi. Sai ka ji mutum ɗan shekara arba'in da biyar yana cewa tsufa ne. Wane tsufa? Masu ciwon sukari su fi kowa kula, domin ciwon yana tsananta cutar dasashi, ita kuma tana hana sukarin jini daidaita. Mai juna biyu ma dasashinta yakan yi saurin jini, sai a hana ta zuwa asibiti wai ba a taɓa haƙorin mai ciki. Ana dubawa, ana wankewa, abin da ake bukata kawai ta gaya wa likita tana da ciki.

Sai mai kemis, wanda ya zama likitan haƙorin unguwa ba tare da ya taɓa leƙa bakin kowa ba. Ka ce haƙori, ya ƙirgo kafso. Kafso ba ya cike rami, ba ya fitar da ruɓaɓɓiyar jijiya. Yana kwantar da kumburi ne ya ba ka damar ƙara wata uku kana yaudarar kanka, ƙwayoyin cuta kuma suna koyon jure maganin. Daga nan sai dabarun gida: a danna ƙwayar asfirin a dasashi ta ƙone naman, a ɗiga fetur, a ɗiga turare, har ruwan batir na ji an zuba. In duk sun gaza, a tafi wurin mai fulaya a kasuwa, fulayar da ta fito daga bakin wani ko tafasa ta ba a yi ba, a sayo ciwon hanta a kan kuɗin cire haƙori. Mutane su sani haƙori yana kisa. Ruɓar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe numfashi. Duk wanda kumburi ya sauko masa wuya ko ya hau ido, ko ya kasa buɗe baki, ko haɗiya ta gagare shi, ga zazzaɓi, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Jarirai ma ba su tsira ba. Yaro ɗan wata shida ya yi gudawa, haƙori ne. Ya yi zazzaɓi mai zafi, haƙori ne. Fitar haƙori tana kawo dalalar yawu da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma gudawa da zafin jiki mai tsanani cuta ce da ke bukatar a duba. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara akalla 84 suka mutu a Najeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba mai kashe ƙoda a cikinsa. Iyaye sun saya ne da kuɗinsu don maganin abin da ba ya bukatar magani. Har yau kwalaben maganin haƙorin jarirai ba su bar kantocinmu ba.

Wanda yake ganin ina kambama zance, ya tambayi mutanen Sakkwato. Tun 1999 akwai asibiti guda a garin da aka gina musamman don cutar noma, wadda mutanen karkara suke kira ciwon daji, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a can tun 2014. Cutar tana kama yara masu shekara biyu zuwa shida waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da me take farawa? Da kumburin dasashi da jini da warin baki. A wannan mataki, wanke baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta daga ma'aikacin lafiya da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. In an bari, cikin kwanaki take huda kunci ta ci leɓe da hanci, kuma kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi watsi da su, aka kuma amince a Disambar 2023. Madalla. Amma wace irin ƙasa ce take da asibitin gyaran fuskar da ta riga ta zagwanye, ba ta da mai ɗaga leɓen yaro ya duba dasashinsa a asibitin ƙauye?

Nan ne fushina ya koma kan masu mulki. An buɗe makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Jami'ar Legas a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya, Arewa kuwa ba ta samu tata ba sai bayan shekara ta 2000, a Maiduguri da Kano. 'Yan likitocin da ake da su suna cunkushe a manyan birane, wasu sun tattara sun bar ƙasar. Shiga asibitin matakin farko a mazaɓarku ka tambayi ɗakin haƙori, ka ga yadda za a dube ka. Talakan ƙauye sai ya biya kuɗin mota, ya kwana a layi, sannan a gaya masa kuɗin ciko ko na wanke jijiya ya ninka na cirewa. Me zai zaɓa? Cirewa. Haka muka mayar da asibitin haƙori mahauta, mai lasifika kuma ya gaje filin da gwamnati ta bari.

Kada a ce mana babu wuta, babu na'ura. Tun a shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanyar cike ƙaramin rami a Tanzaniya, da kayan hannu kawai, ba injin huda, ba lantarki, ana iya yinta a ƙarƙashin bishiya a harabar makaranta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid da abin cikon nan cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba a kowace ƙasa. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi. To, a nuna mana makarantar firamare ɗaya da kuɗin nan ya saya wa buroshi. A ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ana bikin ranar lafiyar baki ta duniya: a buga riguna, a yi jawabi a otal, a raba lemon kwalba ga mahalarta, a watse.

Kafin gwamnati ta farka, abin da ke hannunmu ba shi da tsada. Buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid, sau biyu a yini, minti biyu, kuma na dare kafin kwanciya shi ne wanda ba a fashi, bayansa kada a ci komai. A bi gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, ciki da waje, har turmin ƙarshe. A tofar da kumfa kada a bi da ruwa, don sinadarin ya zauna ya yi aiki. Yaro daga ranar da haƙorinsa na farko ya leƙo ake fara goge masa, da makilin kamar ƙwayar shinkafa. Daga shekara uku zuwa shida kamar ƙaramar ƙwayar wake. Kuma babba ne zai riƙa yi masa ko ya tsaya a kansa har ya kai shekara bakwai. Kowa da buroshinsa, a canza shi bayan wata uku. Zaƙi ya koma lokacin cin abinci, tsakanin abinci a ba yaro ruwa da gyaɗa. Idan yaro ya faɗi haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a kankare saiwar, a tsoma shi a madara a ruga asibiti, sau da yawa ana iya mayar da shi. Sannan uwa ko uba, sau ɗaya a wata, a kira yaro bakin ƙofa inda haske yake, a ce ya buɗe baki. Baƙin ɗigo ko farin tabo kamar alli a gindin haƙori, a nemi likita tun ba ya ciwo, lokacin da magani yake da araha.

Yarinyar nan ta warke, tana tauna da gefe ɗaya. Jiya na je gidan, na tarar ƙaninta ɗan shekara biyar yana tsotsar alawa, na tambayi wanda ya ba shi, aka yi shiru. Can uwarsu ta ce, "Yaya, ai cikin tsarabar da ka kawo ranar Juma'a ne." Na karɓe ledar na sa a aljihu, na zaunar da shi a bakin ƙofa, na ce, "Buɗe baki, Kawu ya gani." Turmin shekara shida bai fito ba tukuna. Wannan karon muna jiran sa.